Yatsan Gobe a Hannun Jiya

Mahaifina mai gyaran agogo ne, amma yawancin waɗanda suka san shi ba su taɓa kai masa agogo ba, muryarsa suka sani. Shi ne tsohon nan da ke bugo waya a shirin ra'ayin jama'a duk ranar Asabar da hantsi, ya yi doguwar sallama, ya tambayi mai gabatarwa iyali da gajiya, sannan ya gyara murya ya ce, "Magana uku gare ni, amma ta farkon kashi biyu ce." Mai gabatarwa ya yi shekaru yana katse shi, da ya ga ba ci sai ya haƙura ya ware masa minti huɗu. A shirin, Malam Jiya ake ce masa. Ba shi ya raɗa wa kansa ba, zan zo kan wanda ya raɗa masa.

Ra'ayin Baba a siyasa ba shi da wuyar haddacewa, mu 'ya'yansa tun kafin mu iya karatu muka iya shi. Abin da bai lalace ba kar a taɓa shi, abin da ya lalace a gyara shi kafin a yi zancen sabo. Idan gwamnan jiha ya aza harsashin sabuwar gada, Baba zai bugo ya tambaya ina aka kwana kan bututun ruwan da ke yoyo a ƙofar asibiti tun zamanin gwamnan da ya sauka. Idan gwamnatin tarayya ta sauya littattafan makaranta, sai ya ce shi yara biyar ya karantar da littafin lissafi guda, kuma har yau biyu da biyu huɗu ne. Ya tsani sabbin ma'aikatu, ya tsani kwamiti, ya tsani a sauya wa titi suna. Ko yau ka tambaye shi kwatance, da sunayen da aka goge tun ina goye zai yi maka, ka je ka ɓata ka dawo, ya ce laifin gwamnati ne.

Sai dai akwai abin da ba ya yi, ba ya zagin shugaba. Ko wanda bai zaɓa ba ne, sai ya ce "Mai girma Gwamna" tukuna, sannan ya sauke masa kwandon magana. A wurinsa kujera ake girmamawa, mai zama a kanta baƙo ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni da na gado zafin zuciyar Inna, sau da yawa nakan ji kamar in fizge wayar in faɗi abin da yake ta kewaye-kewaye a kai.

Shagonsa yana cikin wani layin shaguna goma sha biyu da ke kallon tsohuwar tashar mota. Idan ya miƙa hannu biyu yana taɓa bango da bango. Akwai tebur mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara sun fi talatin, cike da 'yan ƙusoshi da ƙananan ƙarafa masu haƙora da ya ciro daga tsofaffin agoguna. Baba bai yarda agogo yana mutuwa ba, sai dai ya suma. Idan zai yi aiki sai ya maƙala gilashin nan mai ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki, ya kafa gwiwar hannu a kan tebur. Daidai lokacin da zai ɗora ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba, sai ya ɗauke numfashi cak har ta zauna. Muna yara mukan tsaya a bayansa muna ƙirga tsawon shirun, mai cewa bakwai, mai cewa tara. Ya ce hannu ba ya rawa don kansa, numfashi ne ke girgiza shi.

Bangon katako ne ya raba shi da Baba Tela, kuma a bangon akwai falanki guda da suka cire tun kafin a haife ni, don miƙa jarida da kofin shayi. Ta wannan kafa aka yi shekara talatin da takwas ana musu. Baba Tela mutum ne mai son sabo, sabon yayi, sabuwar gwamnati, sabon komai. Shi ya fara sa wa kekensa na ɗinki injin lantarki a duk layin. Shi ne ya raɗa wa Baba sunan Jiya, Baba ya rama da Gobe, sunayen suka bi su har matansu ma in sun yi suɓul da baka da su suke kira. Babban yatsansa na hagu yana da tabo, reza ce ta tsaga shi a tsaye yana farke ɗinki tun yana koyon sana'a, kuma da wannan yatsa yake nuna Baba ta kafar idan magana ta yi zafi.

"Jiya, ka ga jarida? Za a kawo jirgin ƙasa mai gudu."

"Na gani. Shi mai rarrafen da muke da shi, ina suka kai shi?"

"Kai dai ka cika tuna bara. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani, Gobe. Ka bar jirgi ka ɗinke wandon bawan Allahn nan, yau sati biyu yana zarya."

Haka suke tun safe har a rufe shago. Baba ɗan jam'iyya mai alamar rijiya ne, Baba Tela na mai alamar tsani, kuma duk zaɓe tare suke tafiya a ƙafa, da gogaggun kaya, kowa da katinsa a aljihun gaba. Wata shekara Inna ta ce musu, "Tunda ƙuri'ar wannan tana soke ta wancan, ku zauna a gida mana ku huta wa ƙafafunku." Ranar ce kaɗai na taɓa ganin bakinsu ya zo ɗaya. Suka taru a kanta da wa'azin haƙƙin ɗan ƙasa har ta rantse ba ta ƙara sa musu baki.

Abin da ya ɓata tsakaninsu shagon ne da kansa. Ɗan takarar gwamna na Tsani ya yi alkawarin idan ya ci zai rushe layin da tsohuwar tashar, ya gina kasuwa mai hawa uku. Baba Tela har rawa ya yi, yana ta lissafa gilashi da fanka da wuta ba ɗaukewa. Baba kuwa ya san tsoho mai tebur ɗaya da ciwon gwiwa ba shi da wuri a bene. Ya yi ta faɗa ta kafar, Baba Tela yana ce masa matsoraci, har abin ya ci shi a rai. Ranar Asabar ya bugo rediyo, bai ma yi doguwar sallamar ba, ya ce duk wanda ya ci abinci shekara talatin a ƙarƙashin rufi, sannan ya tafa wa mai rushe shi, butulu ne, ko da maƙwabcinsa ne. Duk layin rediyo a kunne yake. Ranar Litinin Baba ya buɗe shago ya tarar an mayar da falankin, an buga masa ƙusa huɗu.

Na same shi na ce, "Baba, ka yi kuskure, ka je ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "Uwata, gaskiya na faɗa."

"Gaskiyar ce ta ce ka ƙara da ko da maƙwabcinka ne? Kai da ko gwamna ba ka zagi?"

Ya maƙala gilashi ya sunkuya kan agogon da na san tun jiya ya gama gyara shi. Taurin kan mutumin nan, wallahi da ana sayar da shi da mun yi gidan sama. Sati biyar suka yi suna jin motsin juna ta bango ba mai cewa uffan. A na shida Baba Tela ya kife a kan kekensa da tsakar rana. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa, ya bar masa hannun hagu yana karkarwa da ido mai ganin abu bibbiyu.

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya Direba saboda motar haya da yake ja, bai ɓoye ba, ya ce maganar rediyo ce ta kayar da ubansa. Bai hana Baba shiga gidan ba, don ba a korar sa'an uba, amma fuskar da yake yi ta ishi mai hankali. Baba kuwa ya samo dabara. Akwai agogon bango a ɗakin Baba Tela, wanda Baba ya ba shi tun ranar aurensa, irin wanda ake murɗa wa makulli sau ɗaya a kwana takwas. Sai Baba ya ce agogon yana latti. Kullum da safe ya je ya buɗe shi, ya kara kunne, ya taɓa nan ya taɓa can, ya zauna a kujera minti goma yana kallon ƙasa, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya fito. Baba Tela yana juya fuska bango. Agogon nan lafiyarsa ƙalau, kowa a gidan ya sani, kuma kalmar haƙuri guda ta gagari Baba. Na ji haushinsa a lokacin, na kuma ji tausayinsa har ina ɓuya in yi hawaye.

Ranar zaɓe Baba ya sa gogaggun kayansa, ya tsaya a ƙofar gida daidai lokacin da suka saba haɗuwa, ya daɗe bai motsa ba. Daga baya ya kama hanya, na bi shi. A makarantar da nake koyarwa aka kafa rumfar zaɓenmu, kuma muna shiga muka hango Baba Tela a keken guragu, katinsa a cinya. Ashe tun asuba yake nuna katin yana gurnani har aka gane nufinsa. Malamar zaɓe, wata mai haƙuri da tabarau, ta bayyana ƙa'ida: mai lalura yana da damar zaɓar mutum ɗaya ya shiga da shi ya riƙe masa hannu, amma ban da wakilin jam'iyya. Yaya Direba kuwa ga katin wakilin Tsani rataye a wuyansa. Ya juya zai kira ƙanwarsa, sai Baba Tela ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun hagu yana rawa, ya miƙa yatsan nan mai tabo, ya nuna Baba, daidai yadda yake nuna shi ta kafar bango.

Yaya Direba ya ce wa ubansa, "Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Mutumin da ya kira ka butulu duniya na ji? Ba sai ya kai yatsanka kan Rijiya ba ma. Ya saki hannun kawai ya yi rawarsa, tawada ta haura layi, ƙuri'a ta lalace, wa zai ce da gangan ne?"

Da ƙarfi ya faɗa, duk layi ya ji. Jinina ya tafasa, har na buɗe baki, sai na rufe, don maganarsa ba ƙarya ba ce. Gidajen da ke takardar 'yan mitsi-mitsi ne, mai lafiya ma sai ya nutsu. Shi kansa Baba Tela ba zai iya shaida inda aka kai yatsansa ba. Kuma Allah ya yafe mini, ni ma na tuna shagon, na tuna gwangwanayen nan da teburin da ya ciyar da mu biyar, na ce a raina ai ƙuri'a ɗaya ce.

Baba bai ko kalli mutane ba. Ya ce, "Ɗana, tura mini keken zuwa bakin rumfa, gwiwata ba ta da ƙarfi."

Yaya Direba ya tura, ya dawo yana huci. Daga inda muke bayansu kawai muke gani. Baba ya durƙusa a kan wannan gwiwa da ko sallah a zaune yake yi saboda ita. Ya sa hannu a aljihu ya fito da gilashinsa mai ido ɗaya ya maƙala, mutanen layi suka fashe da dariya, wani ya ce, "Malam Jiya, ƙuri'a ce fa, ba agogo ba." Bai kula ba. Ya shimfiɗa takardar ya danne gefenta, ya kafa gwiwar hannu a kan ɗan teburin, ya kama wuyan hannun abokinsa da hannu ɗaya, yatsan da ɗayan. Sai na ga kafaɗunsa sun tsaya cak. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa ba, kamar ina 'yar shekara bakwai. Na wuce tara, na wuce goma sha biyar, sai a ashirin da ɗaya na ga bayansa ya sauka.

Bai tashi nan take ba. Ya ciro hankici ya goge yatsan tas, ya hura takardar har tawadar ta bushe, ya naɗe ta yadda ba za ta shafi wani gida ba, ya ɗora hannun Baba Tela a kai suka jefa tare. Sannan ya koma ƙarshen layi, ya ƙi yarda a ba shi hanya, ya jira nasa lokacin ya dangwala wa Rijiyarsa.

Da la'asar aka zazzage akwati a ƙarƙashin bishiyar makaranta. Malamar zaɓe tana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya kowa na gani. Duk wadda ta lalace sai Yaya Direba ya matso ya ƙura mata ido, ya juyo ya kalli Baba. Can sai malamar ta ɗaga wata ta yi dariya ta ce, "Wannan kam da ma'auni aka dangwala ta." Tana tsakiyar gidan Tsani, sama da ƙasa daidai, hagu da dama daidai, kuma a cikin shuɗin tawadar ga wani farin layi a tsaye inda reza ta taɓa bi. Duk wanda ya girma yana ganin wannan yatsa yana nuna mutane ya gane shi. Yaya Direba ya ratso mutane ya zo ya tsuguna a gaban Baba.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, ɗana, koma kan aikinka. Ana ƙirga kana nan, in aka yi muku maguɗi ka ce ni ne."

A hanyar gida na kasa haƙuri na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, zuciyarka ba ta raya maka komai ba?"

Ya ce, "Ta raya mana, Uwata. Me kike tsammani ya sa na daɗe haka? Hannunsa nake riƙewa, nawa ma yana so a riƙe shi." Muka yi 'yar tafiya, ya ƙara da cewa, "Shagon nawa ne, yatsan nasa ne. In na ci amanar mara lafiya a rumfa, da wane baki zan bugo ranar Asabar in ce gwamna ya ci ta jama'a?"

Tsani ta ci jihar da rata mai yawa. Asabar ɗin da ta biyo baya Baba ya bugo, ya yi doguwar sallamarsa, ya ce magana uku gare shi. Ta farko, a nan ya kira maƙwabcinsa butulu, a nan kuma yake janyewa, don shi ne ya yi butulcin shekara talatin da takwas na shayi da jarida. Mai gabatarwa bai katse shi ba. Ta biyu da ta uku kuwa, ya ce "Mai girma zaɓaɓɓen Gwamna," ya sauke masa kwando kamar yadda ya saba.

Bayan wata huɗu aka rushe layin. Yaya Direba da kansa ya kawo motarsa ya kwashe tebur da fitila da gwangwanaye, bai tambayi kowa ba ya sauke su a barandar gidansu, ya ce nan ne sabon shago. Abu na ƙarshe da Baba ya ɗauko shi ne falankin nan. Ya zare ƙusoshin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su ya jefa a gwangwani, ya goge katakon, ya gicciya shi a kan hannayen keken Baba Tela ya zama teburin shayi da jarida.

Shekara uku suka yi a barandar. Kalmomi kaɗan suka dawo wa Baba Tela, kuma "Jiya" tana cikinsu, da ita yake sallama, da ita yake musu. Baba yakan karanta labari da ƙarfi, ya yi faɗansa kan sabon haraji ko sabon kwamiti, sannan ya yi shiru ya bar wa abokinsa fili. Baba Tela ya ɗaga yatsa yana rawa ya nuna shi. Baba ya ce, "Ka ji ka, kullum sai gardama. Ina kasuwar taka mai hawa uku? Har yau hawa ɗaya na gani." Baba Tela ya yi dariyarsa ta ɓarin baki guda har shayi ya zube.

Ya rasu saura wata biyar a sake zaɓe. Ranar zaɓen Baba ya sa gogaggun kaya, ya tsaya a ƙofar gida daidai lokacin da suka saba, sannan ya ce mini mu tafi. Ya bi layi, ya dangwala, ya goge yatsa, bai tsaya jin ƙirga ba. Da muka dawo Inna ta kawo masa ruwa ta ce, "Malam, an yi lafiya? An ce bana ku ne da nasara."

Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya daɗe yana kallon tawadar da ke yatsansa.

Ya ce, "Yau ba wanda ya soke ni."

Ranar ko rediyo bai kunna ba.